Baƙonka Annabinka: Daga Zaurukan Sakkwato Zuwa Tukwanen Ajmir

Duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Sakkwato da idon lura, ya bi ta Kanwuri ya faɗa Gidadawa, ko kuwa ya shigo ta Ƙofar Rini ya nufi wajen Hubbare, zai ga magabatan da suka gina birnin nan sun bar wata wasiyya a jikin gine-ginensu, wadda ba da tawada suka rubuta ta ba, ita ce ba a kafa gida sai an fara da ɗakin wanda ba ɗan gida ba. Zaure ne farkon abin da mai zuwa ke tararwa, ƙofarsa a buɗe tun daga asuba har bayan lisha, da tabarma ko buzu a shimfiɗe, da tulu a gefe, da butar alwala. A nan maigida ke karɓar gaisuwa, a nan malami ke ba da karatu, a nan ake sulhunta masu husuma, a ɗaura aure, a raɗa suna, a yi zaman makoki, idan kuwa dare ya riski matafiyin da bai san kowa a gari ba, a nan zai jingine sandarsa ya kwana cikin aminci.

A yau da sababbin unguwanni ke tsirowa a bayan birni da dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe, ya kamata mu tsaya mu auna wannan gado tun bai kuɓuce mana ba. Abin da zai taimake mu wajen aunawa shi ne mu leƙa wata al'umma mai nisa da mu a taswira, mai kusa da mu a ɗabi'a, wato mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladesh, waɗanda suka gaji karamci irin namu, amma suka yi masa wani tanadi da mu ba mu yi ba, har ya zama yana rayuwa bayan mutuwar masu yin sa.

Birnin da baƙi suka kafa

Asalin karamcin Sakkwatawa yana cikin tarihin kafuwar garinsu, domin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tun ranar da suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a shekarar 1804, sun ɗanɗani halin wanda ya bar gidansa da rumbunsa ya dogara ga Allah da alherin mutanen da ya tarar. Da Muhammadu Bello ya aza harsashin Sakkwato a 1809, Shehu kuma ya taso daga Sifawa ya zauna cikinta a 1815 har rasuwarsa a 1817, sai birnin ya zama matattarar Fulani da Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Larabawa, kowa da inda ya fito, kowa kuma wani ne ya fara ba shi masauki. Mutanen da kakanninsu duka muhajirai ne, ba abin mamaki ba ne su riƙa yi wa baƙo kallon da Ansaru suka yi wa mutanen Makka.

Malaman daular kuwa sun san matsayin liyafa a shari'a. Sun karantar da ƙissar Annabi Ibrahim, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda baƙi suka yi masa sallama bai san ko su wane ne ba, amma bai ɓata lokaci ba ya kawo musu gasasshen ɗan maraƙi. Sun kuma karantar da hadisin da ya haɗa girmama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira, ya iyakance liyafa ga kwana uku, abin da ya ƙaru a kai ya zama sadaka. An ruwaito daga Imamu Malik da Sahnunu cewa nauyin saukar da baƙo ya fi hawa kan mutanen karkara, saboda mai zuwa birni yana iya samun masauki da kasuwa. Amma mutanen birnin Shehu, duk da kasancewarsu Malikawa, ba su fake da wannan rangwame ba, sai suka ɗauki abin da ya fi falala suka mai da shi al'ada.

Littattafan baƙin da kansu sun shaidi haka. A watan Maris na 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda aka fi sani a ƙasar Hausa da Abdullahi, ya iso Sakkwato, aka miƙa shi hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya zama mai masaukinsa, Sarkin Musulmi Bello kuma ya zauna da shi sau da yawa suna tattauna addini da kasuwanci da labarin ƙasashe. Da ya komo a 1826 ya tarar ana yaƙi da Barno, sai aka karɓe wasiƙa da kayan da yake niyyar kai wa Shehu Laminu na Barno, domin karamci bai taɓa nufin mai gida ya rufe ido ga abin da zai cuci jama'arsa ba. Duk da haka ba a kore shi ba, a Sakkwato ya yi jinya har ya mutu a watan Afrilu na 1827, Bello kuma ya ba da izinin a binne shi. Bayansa Alhaji Umaru Futi, a kan hanyarsa ta komowa daga Makka, ya sauka wajen Bello ya yi shekaru, har aka ba shi 'yar Sarkin Musulmi aure, bai tashi ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Haka nan Bajamushe Heinrich Barth, wato Abdulkarimu, ya samu tarba da takardar amana daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853. Ga Kirista ɗan bincike, ga shehin Tijjaniyya a tsakiyar Kadirawa, kowannensu ya samu inuwa da ruwa da kariya.

Mata ma suna da tasu majalisar. Nana Asma'u 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta tsara 'yan taru, inda jaji, wato shugabar kowane rukuni, ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo Sakkwato neman ilimi, ɗauke da zuma da man shanu da hatsi, a sauke su, a karantar da su, abin da suka kawo kuma a raba wa mabukata. A ƙarnin da ya gabata Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya riƙe wannan sunna a Gidadawa, zaurensa da taskar littattafansa suka zama masaukin masu neman sani daga kusa da nesa, cikinsu har da Murray Last, wanda littafinsa na tarihin daular ya fito a 1967.

Ladubban masauki

Karɓar baƙo a Sakkwato yana da tsari wanda yaro ke koya da ido tun bai san sunansa ba. Idan aka yi sallama aka amsa, sai shimfiɗa, sai ruwa, wanda a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 ya fi kowace kyauta daraja. Sai ƙwaryar fura da nono da ludayinta, wadda ake damawa a cikin gida a aiko yaro da ita. Sai gaisuwa mai tsawo, a tambayi gida da iyali da dabbobi da damina da hanya, ba a kuwa tambayar mutum abin da ke tafe da shi sai ya huta ya faɗa da bakinsa. Goro na biyo baya, a fasa a raba, da dare kuma a fito da akushin tuwo, maigida ya zauna ya sa hannu tare da baƙonsa don kada kunya ta hana shi ƙoshi. Ranar tafiya akwai guzuri, akwai rakiya har bakin hanya ko tasha, bayan kwana biyu kuma a aika a ji yadda ya sauka.

Galibin wannan ɗawainiya a wuyan mata take, ko da yake sunan maigida ake ambata. Uwargida ce ke auna hatsi da rarar wanda ba a sani ba, ita ke daka, ta kirɓa fura, ta tuƙa tuwo, ta keɓe rabon maƙwabci da na almajiri, wani lokaci ta ba da nata kason ta kwana da ɗan abin da ya saura ba tare da baƙo ya ji labari ba. Shi ma baƙo akwai abin da ke kansa: ya zo da 'yar tsaraba gwargwadon hali, ya runtse ido ga abin da ya gani na sirrin gida, kada ya raina abin da aka kawo masa, kada kuma ya zarce da zama har ya ƙuntata wa mai masauki, shi ya sa Hausawa suka ce baƙo raɓa ne.

Bayan baƙon nesa akwai taron yau da kullum, wanda shi ne ke riƙe da unguwa. Akwai ciyayya, inda magidanta ke fito da kwanoninsu bayan magariba a haɗu a ƙofar gidan dattijo a ci tare, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya sa hannu cikin na maƙwabci ba wanda ya lura, wanda aka ga bai fito ba kuma a aika a duba lafiyarsa. Akwai majalisar dattawa a gindin bishiya bayan la'asar, da ta samari a teburin mai shayi, da walimar aure da ta saukar Alƙur'ani, da yawon salla. Su kuma fatake suna da fatoma, mai ba su masauki, ya ajiye musu kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya musu lamuni a garin da ba su da kowa, ta haka ne goron Gwanja da gishirin Bilma da jar fatar Sakkwato suka riƙa ratsa ƙasashe tun ba a san banki ba.

Abin da ke can ƙasar Hindu

Wanda ya san wannan tsari, idan ya je arewa maso yammacin Pakistan ya shiga ƙauyukan Fashtun, zai ga kamar gida ya koma, domin suna da ɗakin da suke kira hujra, a wajen gida ko a tsakiyar unguwa, inda maza ke taruwa da dare, a sha shayi, a yanke shawara, a sauke duk baƙon da ya zo ba tare da an tambayi asalinsa ba. Karamci kuwa yana cikin rukunan dokar al'adarsu ta Fashtunwali, tare da ba da mafaka ga wanda ya nema, ko da abokin gaba ne. Mutanen Sindh na da irin wannan ɗaki da suke kira otak. A gidajen Musulmin Lahor da Delhi da Haidarabad ana shimfiɗa wani mayafi a ƙasa, dastarkhan, a jera shinkafar biryani da gurasa da miya, a zauna kewaye da shi, mai gida na ta ƙara wa baƙo yana roƙonsa ya daɗa. Bayan abinci a miƙa ganyen fan da aka naɗe da 'ya'yan itace da kayan ƙamshi, wanda matsayinsa a wurinsu shi ne matsayin goro a wurinmu. Mutanen Bengal kuwa, a Kalkata da Daka, sun shahara da adda, wato zaman hira mai tsawo a kan siyasa da adabi da al'amuran duniya, masu harshen Urdu kuma da musha'ara, taron da sha'irai ke kwana suna karanta baitocinsu jama'a na amsawa da yabo.

Har a ɗariƙa akwai zumunta tsakaninmu. Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, wanda Sakkwatawa ke alfahari da sunan Kadirawa saboda shi, Musulmin Indiya da Pakistan da yawa suna dafa abinci su raba sadaka a ranar goma sha ɗaya ga wata domin tunawa da shi, musamman a watan Rabi'us Sani.

Inda suka sha bamban da mu shi ne langar, wato ɗakin girki na jama'a wanda ba ya rufewa. Shehunnan Cishtiyya ne suka yaɗa shi a zawiyoyinsu, irin su Shehu Mu'inuddin Cishti na Ajmir, wanda ya rasu a 1236, da Shehu Nizamuddin Auliya na Delhi, wanda ya rasu a 1325, suka mai da ciyar da mai jin yunwa babbar hanyar neman kusanci ga Allah, ba tare da duba addininsa ko asalinsa ba. Har gobe a hubbaren Ajmir akwai manyan tukwane biyu da ake hawa da matakala kafin a leƙa cikinsu, babbar kyautar Sarki Akbar ce, ƙaramar ta ɗansa Jahangir, ana dafa shinkafa da sukari da man shanu a ciki, ba a sa nama don mabiya kowane addini su iya ci. A Lahor, a hubbaren Shehu Aliyu Hujwiri mai littafin Kashful Mahjub, dare da rana ana rabon abinci. Mabiya addinin Sikh kuma, tun daga Guru Nanak wanda ya rayu daga 1469 zuwa 1539, sun mai da langar ginshiƙin addininsu, har babban wurin ibadarsu na Amritsar yana ciyar da dubun dubatar mutane kowace rana, mai kuɗi da matalauci a sahu ɗaya a ƙasa, 'yan sa kai na murza gurasa suna wanke kwanoni.

Sirrin ɗorewar waɗannan wurare shi ne ba a rataya su a wuyan mutum ɗaya ba. Akwai wakafi na gonaki da shaguna, akwai bakance da sadakar masu ziyara, akwai masu kula da aka ɗora wa amana, akwai aikin gayya na masu sa kai. Sarakunan da suka ba da tukwanen sun shuɗe, daularsu ta rushe, Turawa sun zo sun tafi, an raba ƙasar Indiya biyu a 1947, amma wutar murhun ba ta mutu ba.

Mutanen nan kuwa ba baƙin ido ba ne a Sakkwato. Tun lokacin da birnin yake hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, da bayan kafa jami'a a 1975 da Jihar Sakkwato a 1976, malamai da likitoci 'yan Indiya da Pakistan sun yi aiki a makarantun sakandare da asibitocin ƙasar nan, dattawa da yawa na yau a hannunsu suka koyi lissafi da kimiyya, sai da darajar naira ta faɗi a tsakiyar shekarun 1980 akasarinsu suka koma. Yau kuma ɗalibanmu da marasa lafiyarmu ne ke zuwa can, alhazanmu na zama kafaɗa da kafaɗa da nasu a shimfiɗar buɗa-baki ta Masallacin Madina.

Abin da ke ci wa zaure tuwo a ƙwarya

Namu karamcin a kan rumbun maigida da zuciyarsa aka gina shi, saboda haka duk abin da ya taɓa ɗayansu ya taɓa shi. Magina na zamani sun shafe zaure daga zanen gida, suka musanya shi da falo a can ciki bayan katanga da maigadi, wanda ba mai shigarsa sai wanda aka san da zuwansa. Bukukuwa sun ƙaura daga ƙofar gida zuwa ɗakunan taro na haya, inda kati ke shigar da mutum, a miƙa masa abinci a roba ya tafi da shi, alhali hikimar walima ita ce a zauna a ci tare, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zargi walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Tsadar hatsi da ta sufuri, musamman tun daga 2023, ta sa magidancin da a da ke auna tiya da rarar baƙo yanzu yana lissafin bakin 'ya'yansa. Wayar hannu ta sauƙaƙa gaisuwa, amma ta sa mutane da yawa sun wadatu da ita sun daina takawa, alhali kuwa zumunta a ƙafa take.

Mafi ciwo duka shi ne rashin tsaro, domin ta'addancin 'yan bindiga a gabashin jihar, a yankunan Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, ya yi ɓarna biyu a lokaci guda: ya koro mata da yara da tsofaffi zuwa cikin birni suna kwana a kangaye da tashoshi, ya kuma sanya tsoron baƙuwar fuska a zukatan waɗanda ya kamata su tarbe su. Ba za a zargi mai taka-tsantsan ba, Sarkin Musulmi Bello ma ya yi. Amma waɗannan bayin Allah su ne ainihin ibnus sabili da Alƙur'ani ya sanya cikin masu haƙƙin zakka, kuma abin da ya same su shi ne abin da ya sami jama'ar Shehu a hanyar Gudu.

Duk da haka jijiyar ba ta tsinke ba. Hubbare na nan yana karɓar masu ziyara daga Nijeriya da Nijar da wasu ƙasashe. Fadar Sarkin Musulmi, wadda Sarki Abubakar na Uku ya zauna cikinta shekara hamsin daga 1938 zuwa 1988, har yau a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ba ta rabuwa da baƙi na kowane addini da ƙabila. Idan azumi ya kama kuma masallatai da ƙofofin attajirai da cibiyoyin ciyarwa na gwamnati sukan cika da kunu da ƙosai da dabino. Wannan shaida ce cewa niyya na nan, tsarin da zai ɗauke ta daga watan Ramalana ya kai ta sauran watanni goma sha ɗaya shi ne ya yi ƙaranci.

A nan ne darasin Ajmir da Lahor zai amfane mu, kuma ba baƙon abu za mu aro ba, tunda babin wakafi yana cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, jihar kuma tana da Hukumar Zakka da Wakafi. Abin da ake bukata shi ne attajiran Sakkwato da masu gonakin fadama su tsayar da shaguna da gonaki da gidajen haya a matsayin sadakatul jariya, a keɓe amfaninsu ga ɗakunan girki na dindindin a inda baƙi suka fi taruwa, wato kusa da Hubbare, da manyan tashoshin mota, da ƙofar asibitocin da 'yan jinya daga ƙauyuka ke kwana a farfajiya, a damƙa su ga amintattu masu bayyana lissafi ga jama'a, samarin unguwa kuma su ba da ƙarfinsu kamar yadda iyayensu ke yi a gayyar noma. Mai gina sabon gida ya bar ɗaki ɗaya mai ƙofa ta waje. Masu unguwanni da limamai su farfaɗo da ciyayya ko da daren Juma'a kaɗai. Mai yin walima ya tanadi tabarmar waɗanda ba su da kati.

Wanda bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan, yana da ruwan sanyi da sakin fuska, magabata kuwa sun riga sun yanke hukunci cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma masu hali kada su tsaya a nan, domin mai jin yunwa yana bukatar tuwo bayan murmushi, kuma za a tambayi kowa gwargwadon abin da aka ba shi. Allah Ya ba shugabanninmu da mawadatanmu ikon tsayar da wannan alheri a kan harsashin da zai wuce rayuwarsu, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu cikin aminci, amin.